Daga “few” zuwa “significant”: kalmomin Turancin da “kaɗan” da “muhimmi” ba sa ɗauke nauyinsu

Kwanakin baya wani ƙanina da ke karatun digiri na biyu ya shigo min bayan magariba ransa a ɓace, ya miƙo min wayarsa ko zama bai yi ba. Malamin da ke duba aikinsa ne ya turo masa saƙo mai layi biyu. Layin farko cewa yake: “I found few problems in this chapter.” Ya ce, “Yaya, ka gani ko? Wata uku ina fama da babin nan, shi kuma abin da ya gani matsaloli.” Na karanta, na sake karantawa, na ce masa ya je ya ci tuwonsa hankali kwance, yabonsa aka yi. Mutumin cewa yake da ƙyar ya sami abin gyara. Da ya rubuta “a few problems”, da ɗan harafin nan “a” a gaba, to da sai mu gyara zama, domin maganar ta koma: akwai 'yan matsaloli, zo mu duba.

Abin lura shi ne, mai yiwuwa a duka jimlolin biyu kurakurai uku ne malamin ya ƙirga. Adadin bai motsa ba. Abin da ya sauya shi ne inda mai maganar ya fuskanta. “Few” tana kallon babu, “a few” tana kallon akwai. Mu ma muna da wannan a bakinmu, ba mu dai saba ajiye su kusa da juna ba ne. Idan aka ce “ba shi da wasu abokai”, da kuma “yana da 'yan abokai”, mutum ɗaya ake nufi da abokansa uku, amma na farko tausayinsa ake ji, na biyu kuwa an ce bai rasa ba. Matsalar ita ce tun daga aji ɗaya aka ba mu “kaɗan” a matsayin ma'anar duka biyun, muka riƙe, muka girma da ita.

Haka “little” da “a little” suke, sai dai su da abin da ba a ƙirgawa suke tafiya. Likita ya fito daga ɗakin tiyata ya ce “there is little hope”, to a fara kiran dangi. Idan ya ce “there is a little hope”, yana nufin kada a yanke ƙauna tukuna. Sannan Turanci ya ƙara wani mugun wasa: “quite a few” ba kaɗan ba ce ko kusa, ma'anarta da dama, har ma da yawa. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba idan ya tuna cewa shi ma yakan ce “mutane ba kaɗan ba” alhali filin ya cika maƙil. Sa “only” a gaban “a few” kuwa, sai ta sake juyawa ta fuskanci babu.

Wannan raba abubuwa gida biyu, masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa, shi ne tushen rabin wahalar. “Many” da “few” na masu ƙirguwa ne, “much” da “little” na sauran. Mu “da yawa” ɗaya ta ishe mu: ruwa da yawa, awaki da yawa. Kuma Bature bai bi wata hikima ba wajen rabon, al'adar bakinsa ce kawai. A wurinsa shawara da bayani da kayan ɗaki da kayan aiki duk kamar ruwa suke, ba su da jam'i. Mu kuwa muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, shi ya sa hannu ke zamewa a rubuta “advices” da “informations” da “equipments”, mai gyaran jarrabawa ya zagaye su da jan biro. Ba rashin kai ba ne, Hausa ce take leƙowa ta ƙarƙashin Turancin.

Su kansu masu harshen ba su gama daidaitawa ba. Dokar nan ta cewa “fewer” ga masu ƙirguwa, “less” ga marasa ƙirguwa, ba ta kai tsufan da malamanmu suka nuna mana ba. Wani marubuci mai suna Robert Baker ne a 1770 ya ce shi dai a ganinsa “fewer” ta fi daɗin ji, sai na bayansa suka mai da ra'ayi doka, alhali tun zamanin Sarki Alfred, a ƙarshen ƙarni na tara, ana sa “less” a kan abin ƙirgawa. A 2008 sai da kantunan Tesco na Birtaniya suka fara sauya allon layin masu 'yan kaya daga “10 items or less” zuwa “up to 10 items” saboda ƙorafin masu kishin nahawu. Ka bi dokar a jarrabawa da takardar neman aiki, amma kada ka ɗauka wanda ya karya ta jahili ne.

Inda abin ya fi shafar kowa shi ne labarai. “A couple” biyu ce a asali, a hira kuma takan kai uku. “Several” ta wuce biyu amma ba ta kai yawa ba, mu ce huɗu, biyar, bakwai. Sau da yawa nakan ji an fassara “several people were injured” da “mutane da dama sun jikkata”, kuma “da dama” a kunnen Bahaushe ta fi “several” nauyi, sai hatsarin mota ɗaya ya koma kamar na tirela. “Wasu mutane” ko “'yan mutane” sun fi kusa. 'Yar uwarta “severally” kuwa mun ba ta aikin da ba nata ba a Najeriya, muna cewa “I called him severally” da nufin na kira shi sau da yawa. A Turancin asali ma'anarta kowa daban-daban. Wanda ya taɓa tsaya wa wani a banki ya duba takardar da ya sa wa hannu, idan ya ga “jointly and severally”, to ya sani ana iya barin sauran masu tsayawar a kama shi shi kaɗai a ce ya biya bashin gaba ɗaya.

“Dozen” sha biyu ce, dozin ɗinmu ke nan na kasuwa. “Score” ashirin ce, irin hauyar da kakanninmu ke ƙirga wuri da ita. Da shugaban Amurka Abraham Lincoln ya buɗe jawabinsa na Gettysburg a 1863 da “four score and seven years ago”, shekara 87 yake nufi, wato komawa 1776, shekarar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta. Amma ɗan jarida idan ya rubuta “dozens” ko “scores”, ba lissafi yake yi ba, gaya maka yake bai sami adadi ba tukuna, abin dai ya wuce ashirin bai kai ɗaruruwa ba. Gidajen rediyonmu sun samo masa “gomman mutane”, kuma a ganina sun yi dabara. “Some” ma tana da fuska biyu: “some people” wasu mutane ne, “some 200 people” kuwa kimanin mutum 200.

Akwai kuma 'yan kalmomin da ake jingina wa adadi don a gaya maka yadda za ka ji. “As many as 50” na nufin har hamsin, ka yi mamaki. “Only 50” ko “a mere 50” na nufin hamsin kacal, kada ka damu. “No fewer than 50”, wadda jaridun Najeriya ke so kamar me, aƙalla hamsin. Hamsin ɗin dai ita ce, ra'ayin marubucin ne aka liƙa mata. Wadda ta fi su wayo ita ce “up to”. Mai kanti ya rubuta “up to 50% off”, ka shiga da murna, ka tarar riga ɗaya tak da ta kwana biyu a rataye ce aka rage wa rabi, sauran kashi biyar. Bai yi ƙarya ba. Rufi ya faɗa maka, bai faɗi daɓe ba.

Ko adadin da ake ganin tsayayye ne yana da tarihin zamewa. A da “billion” a Birtaniya miliyan sau miliyan ce, a Amurka kuma miliyan dubu. Sai a 1974 Firayim Minista Harold Wilson ya tabbatar wa majalisa cewa gwamnati ta koma lissafin Amurka. Faransanci bai bi ba: har gobe miliyan dubu “milliard” ce, “billion” ɗinsu kuwa ita ce tiriliyan ɗinmu. Shi ya sa mutumin Maraɗi ko Damagaram zai ce miliyar inda na Kano zai ce biliyan, kuma duk wanda ke juya kasafin kuɗi daga wannan harshe zuwa wancan da ganin kamar kalma zai iya ninka kuɗin sau dubu bai sani ba.

“Majority” ta cancanci a tsaya a kanta, don siyasa ce ke cinta. Ainihin ma'anarta fiye da rabi, ko da da ƙuri'a ɗaya ne. A ƙuri'ar raba gardama ta 2016, kashi 51.9 cikin ɗari ne suka zaɓi Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai. Rinjaye ne, babu musu. Amma a ce “akasarin 'yan Birtaniya” ko “galibinsu”, an ƙara gishiri, domin akasari a Hausa na nuna saura ƙalilan ne, ga shi kuwa sauran sun kai kashi 48. Idan mutum ya fi kowa ƙuri'a amma bai kai rabi ba, Amurkawa na ce da wannan “plurality”. Abin da ya faru ke nan a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, inda aka bayyana Bola Tinubu da kusan kashi 37. Tsarin mulkin 1999 ma, inda 'yan takara suka wuce biyu, “highest number of votes” ya ce, wato wanda ya fi sauran, tare da sharaɗin kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. A Birtaniya kuma kalmar na da wata ma'ana ta uku, tazara. Da aka ce Firayim Minista Boris Johnson ya sami “majority of 80” a 2019, ba kujera 80 ya ci ba. Kujeru 365 jam'iyyarsa ta samu cikin 650, ta fi sauran duka a haɗe da 80.

Wani lokaci ma kalmar da ba a rubuta ba ita ce ke riƙe da adadin. A ranar 22 ga Nuwamba 1967, bayan yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 242, wanda jakadan Birtaniya Lord Caradon ya gabatar. Turancinsa ya ce sojojin Isra'ila su janye “from territories occupied”. Babu “the”, babu “all”. Faransancinsa kuwa ya ce “des territoires occupés”, wanda ake iya karantawa da yankunan da aka mamaye ɗin duka. Isra'ila ta riƙe Turancin ta ce wasu yankuna ake nufi, ƙasashen Larabawa suka ce dukkansu, suna kuma kafa hujja da gabatarwar ƙudurin da ta ce ba a mallakar ƙasa da yaƙi. Fiye da shekara hamsin ke nan ana jan wannan igiya. A Hausa tazarar ita ce tsakanin “yankuna” da “yankunan”, harafi ɗaya a ƙarshe.

Ɓangaren muhimmanci kuwa, nan ne ƙamus ya fi yi mana rowa. “Important”, “significant”, “crucial”, “critical”, “vital”, “essential”, “key”, duk ka duba sai ka ga “muhimmi”. Kamar a ce maka tuwo da fura da dambu duk hatsi ne.

Wadda ta fi kowace ɓatar da mutane ita ce “significant”. A hira da jarida tana nufin abin a zo a gani. A takardar binciken kimiyya kuwa ma'anarta daban ce, kuma ta fi kusa da tushenta na Latin, wato alama. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, shi ya yaɗa wannan ma'auni tun 1925. Tambayarsa mai sauƙi ce. An sa wa wannan fili taki, ba a sa wa wancan ba, na farko ya fi yabanya. To takin ne, ko dace ne kawai? Ya ce a lissafa: da a ce takin ba ya komai, sau nawa za a ga bambanci irin wannan don dace? Idan bai kai sau ɗaya cikin ashirin ba, sai a kira sakamakon “significant”, wato akwai alamar ba dace ba ne.

Ka ga ke nan kalmar ba ta ce komai ba game da girman bambancin. A ce an gwada wani magani a kan mutum dubu hamsin, ya rage hawan jini da ɗan abin da ko na'urar awo ta gida ba za ta nuna ba. Saboda yawan mutanen, lissafi zai iya cewa “significant”, washegari kuma ka ji a rediyo maganin ya yi “gagarumin tasiri”. Ta ɗaya gefen, “no significant difference” ba ta nufin babu bambanci. Sau da yawa tana nufin mutanen da aka gwada ba su kai a yanke hukunci ba. Ruɗanin ya kai ga ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne cewa wannan ma'auni ba ya auna girman tasiri ko muhimmancinsa. Ni dai idan na ci karo da kalmar a rahoton bincike, nakan rubuta “bambancin da alama ba dace ba ne”, sannan in nemi adadin. Ya fi tsawo, ba shi da armashin kanun labari, amma shi suka ce.

Lauyoyi su ma suna da nasu. Duk wanda ya bi shari'ar zaɓe a Najeriya ya ji “substantial”. Dokar zaɓe ta 2022, kamar ta 2010, ta ce ba za a soke zaɓe don an saɓa wa wasu ƙa'idoji ba muddin an gudanar da shi “substantially” bisa doka, kuma saɓawar ba ta shafi sakamako “substantially” ba. Ma'ana bai isa ka nuna an yi ba daidai ba, sai ka nuna abin ya taka kara ya karya, har zai iya sauya wanda ya ci. Nawa ne ya isa? Dokar ba ta sa lamba ba, alƙali ne ke aunawa, kuma a kan wannan kalma ɗaya ƙararraki da yawa suka faɗi. “Material” ma haka take. A kasuwar Kantin Kwari yadi ce, a kotu da ofishin akanta kuwa “material fact” ita ce gaskiyar da da ka sani da ba ka sa hannu ba.

Sauran kowace da ɗanɗanonta, kuma tushensu kan taimaka. “Vital” daga kalmar rai ta fito, abin da in babu shi numfashi ya tsaya. “Essential” abin da in an cire shi abu ya tashi daga sunansa, kamar gero a fura. “Crucial” daga gicciye take, kuma masanin falsafa ɗan Ingila Francis Bacon ne a 1620 ya yi amfani da hoton allon da ake kafawa a mararraba, gwajin da zai nuna maka dama za ka bi ko hagu. Don haka taron da aka kira “crucial” shi ne wanda daga shi za a san inda aka dosa. “Critical” a asibiti rai kwakwai mutu kwakwai ce, ta wuce “serious”. A wajen asibiti kuma sai ka lura da 'yar kalmar da ke binta. “Critical to the government” jigo ne ga gwamnati, “critical of the government” mai sukarta ne. Na taɓa ganin fassarar da ta mai da ɗan adawa ginshiƙin gwamnati ta nan.

A ƙasan tsanin akwai “minor”, “marginal”, “negligible” da “nominal”, kuma ta ƙarshen ce kawai ke buƙatar bayani: “nominal fee” kuɗin suna ne, a ce dai an biya. Tarkon da ke nan shi ne “invaluable” da “priceless”. Siffarsu ta rashi ce, sai ka ɗauka an ce ba su da daraja, alhali cewa ake darajarsu ta wuce a yi mata kuɗi. Wanda aka rubuta wa “your help was invaluable” ya yi godiya. “Valueless” da “worthless” su ne zagin.

Wuri ɗaya da na san an ɗaure waɗannan kalmomi da lamba shi ne 'yar takardar nan da ke naɗe cikin kwalin magani, musamman wanda ya fito daga Turai. A can “very common” na nufin illar kan sami fiye da mutum 1 cikin 10. “Common” daga 1 cikin 100 zuwa 1 cikin 10. “Uncommon” ba ta wuce 1 cikin 100 ba, “rare” 1 cikin 1,000, “very rare” 1 cikin 10,000. Wanda ya ga an rubuta jiri a ƙarƙashin “common” ya fassara wa mahaifiyarsa da “ruwan dare”, zai iya sa ta ajiye maganin, alhali aƙalla mutum 90 cikin 100 za su sha ba su ji jirin ba.

Saura layi na biyu na saƙon ƙanina, wanda shi bai ma damu da shi ba don ya ga kamar yabo ne: “The conclusion is quite good.” Wannan “quite” ba ta da amana. Idan ta hau kalmar da ba ta da mataki, kamar “quite right” ko “quite impossible”, tana nufin sarai, ɗari bisa ɗari. Idan ta hau mai mataki kamar “good”, sai ka tambayi bakin wa ta fito. Ba'amurke na nufin yana da kyau sosai. Baturen Ingila kuwa sau da yawa yana nufin ba laifi, ba yabo ba fallasa, musamman idan ya danna muryarsa a kan “quite” ɗin, abin da saƙon waya ba ya nunawa.

Na ce masa, “Malamin naka a ina ya yi karatu?” Ya ce Ingila, shekara shida. Na ce to babin ka bar shi yadda yake, kammalawar ce za ka sake zama a kanta. Ya karɓi wayarsa, ya ƙura wa layin ido, ya ce shi da ya shigo yana fushi da layin farko, ashe na biyun ne ya kamata ya hana shi cin tuwo.